Wayar hannu da batirin zuciya: abin da kowa ya gani

Baban Halima, Ringim:
Assalamu alaikum. Watanni huɗu ke nan da aka sa wa mahaifinmu na'urar daidaita bugun zuciya a Kano, wadda mu a gida muke kira batirin zuciya, kuma tun da muka dawo ƙauye mutane ke cewa kada ya sake taɓa waya har abada. Abin ya dame ni, domin ta waya kaɗai yake jin muryar jikokinsa da ke Legas. Waɗanda suka taɓa zama da wannan na'ura, don Allah ku faɗa mana abin da kuka gani.

Malam Isa, Bichi:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Shekara shida nake ɗauke da ita a ƙirjina ta hagu, kuma ban daina amsa waya ba. Likita ya ce in bar tazarar santimita 15 tsakanin wayar da wurin da aka dasa na'urar, wato taƙi guda ya wadatar, sannan in riƙa kara ta a kunnen dama. Abin da ya ba ni wahala shi ne aljihun gaban riga, domin yana daidai kan na'urar, hannu kuma ya saba jefa waya a ciki ba tare da shawara ba. Da na gaji da mantuwa, sai na kai wa tela rigunana ya ɗinke bakin aljihun, na koma amfani da na gefe.

Maman Sadiya, Gumel:
Malam Isa ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Mu mata ba mu da aljihu, shi ya sa surukata ke soke wayarta a ɗaurin ƙirji. Wata rana tana tankaɗe ta ce tana jin jiri, na zare wayar na zaunar da ita, jim kaɗan ta dawo daidai. Ba zan rantse cewa wayar ce ba, amma da muka je asibiti aka duba na'urar, an ja mana kunne sosai, kuma yanzu a ƙaramar jaka take ajiye ta.

Ɗanjuma mai gyaran waya, Wudil:
Iyayena, ku lura da nau'in wayar. Tun daga iPhone 12 da ta fito a 2020, ana sa zoben maganaɗisu a bayan wasu wayoyi, wanda idan ya kwanta kan na'urar zai iya sa ta koma bugu iri ɗaya ba tare da bin zuciyar ba, har sai an janye shi. Kamfanin Apple da kansa ya ce santimita 15, ko 30 idan ana cajin da ba na igiya ba. Abin sauraro na kunne ma yana da maganaɗisu, don haka kada a rataya shi ya sauka a ƙirji.

Baban Halima, Ringim:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe kasuwa, zan kai rigunan Baba wurin tela, in mayar masa da wayarsa da yamma.