Dutsen kaushi: wane iri ne na gaske?

Maman Abba: Salamu alaikum 'yan zaure. Hunturu ya shigo, dunduniyata ta yi faso har tana kama zanin gado. Dutsen kaushin da na saya bara ƙuje ni kawai ya yi. Ya ake gane na gaske?

Hajiya ta Ƙofar Soro: Wa'alaikumus salam. Ƙila guntun jan bulo aka sayar miki. Na gaske fari-fari ne ko ruwan toka, duk jikinsa 'yan huda kamar soso, ba nauyi ko kaɗan. Jefa shi a bokiti, ya taso.

Maman Abba: Dutse ya taso a ruwa, Hajiya?

Malama Binta: Ƙwarai kuwa, Maman Abba. Ai kumfa ce ta daskare. In dutse mai aman wuta ya yi amai, narkakken dutsen na fitowa cike da iska, sai ya huce nan take, iskar ta maƙale a ciki. Hudojin nan gurbinta ne. Larabawa ma saboda rashin nauyinsa suke ce masa hajarul khafaf. Shi da toka ne suka binne garin Pompeii na Italiya a shekara ta 79 Miladiyya. Magina na haɗa shi da siminti don gini ya yi sauƙin nauyi, kuma da shi kamfanoni ke wanke wandon jins ya koɗe. Kullum in na koyar da wannan sai na tafi aji da nawa, yara su gani da idonsu.

Anti daga Daura: Ikon Allah! Ni dai shawarata, kada ki goga a busasshiyar ƙafa. Ki jiƙa ta a ruwan ɗumi kamar minti 10, ki goga a hankali, ki shafa man kaɗanya, ki sa safa ki kwanta. Sau biyu a sati ya isa. Inda ya tsage har yana jini kuwa, ki bar shi ya warke tukun. Kuma kowa da nasa, ba a aro.

Maman Abba: Na gode. Bari in saya biyu, har da na Inna.

Hajiya ta Ƙofar Soro: A'a, tsaya! Ba Inna ke da ciwon suga ba? Don Allah kada dutse ya taɓa ƙafarta. Masu suga da yawa ba su jin zafi a ƙafa, ta ƙuje ba ta sani ba, ƙaramin ciwo ya koma gyambo. Ki kai ta asibiti a duba mata.

Maman Abba: Wallahi ban sani ba, Hajiya. Ranar Laraba za mu ga likita, zan nuna masa ƙafar.