Mai tuti ko mai bawul? Musun da ya hana 'yan zauren garinmu barci

Mubarak: Salamu alaikum jama'ar gida. Yau da magana na zo kuma na san sai an yi min ca. Babur mai tuti ɗin nan, wato mai ƙona fetur haɗe da man 2T, da duk muka yasar muka koma Boksa mai bawul, yanzu haka shi ake rububi a Turai. Ba ji na yi ba, sati biyu kenan ina bin gasar baburan daji a waya. Akwai wata da ake yi a Ostiriya sunanta Erzberg, a kan wani ƙaton dutse da ake haƙar tama, mutum 500 ke tashi ranar ƙarshe amma wata shekarar ko goma ba sa kaiwa ƙarshe, kuma na gaba-gaban nan kusan duk mai tuti suke hawa mai cc 300. To mu da tun daga ƙofar gida har Sule Tankarkar yashi ne, ni dai ina ganin mun yi garajen yada shi, mai tuti ya fi mai bawul dacewa da hanyarmu

Nura Acaɓa: Wa alaikumus salam. Mubarak lita nawa ka sha a babur tun da aka haife ka?

Mubarak: Haba Yaya Nura ka bari mana a yi magana ta ilimi

Nura Acaɓa: Ai ita nake yi. Shekara shida na yi ina acaɓa a Kano da mai tuti kafin a hana a Janairun 2013 na dawo gida. Lokacin mai da arha ba ka ma lissafi. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da 200 har sai da muka ga ta haura 1000, kai kuma kana cewa in koma injin da zan sai masa fetur in kuma sai masa tuti. Ranar Alhamis in na yi sawu uku zuwa Maigatari da goyo da akuya a gaba, abin da ya rage bayan na biya ɗan bumburutu shi ne cefanen gidana. Baturen da ke hawa dutse don nishaɗi ba shi da wannan lissafin

Sagiru Bakanike: Nura gaskiyarka a mai, amma kar ka manta da ranar gyara. Ni da nake kwance su kullum bari in faɗa maku. Mai tuti in ka buɗe kansa me za ka gani? Fistin, ringi, bulok, shikenan. Babu bawul, babu tayimin cen, babu kam. Ƙarƙashin darbejiyar nan ta bakin kasuwa zan kwance shi bayan azahar in canza fistin da ringi, kafin la'asar mai shi ya buga kik ya tafi. Mai bawul kuwa in tayimin cen ya tsallake bawul ya daki fistin, to ka shirya, sai an sai bawul an yi girandin an saita taimin, wani lokacin har kan injin gaba ɗaya. Mutum nawa ne a garin nan baburinsu ke jingine a zaure wata da watanni saboda kuɗin wannan aikin?

Nura Acaɓa: To sau nawa hakan ke faruwa Oga Sagiru? In kana juye baƙin mai a kan kari ai sai ka shekara ba a buɗe maka inji ba. Mai tuti kuwa fulogi kaɗai ya ishe ka, kullum da burushi da fulogin sifiya a aljihu

Sagiru Bakanike: Wannan laifin mai babur ne. Su Suzuki AX100 da Jincheng da Yamaha YB100 dukkansu da tankin tutinsu daban suka zo da famfon da ke auna masa daidai, mutanenmu ne ke cire famfon su ce ba su yarda da shi ba, sai a rinƙa tuttula baƙin mai a tanki da ido, wani ma wanda aka juye daga mota yake sa wa. Ba dole fulogi ya jiƙe salansa ta toshe ba? Ko janaretan nan ƙarami na shago ai mai tuti ne, ƙa'idarsa kashi 1 cikin 50, wato mil 20 a lita guda, wa ka taɓa gani yana aunawa

Kawu Idi: Salamu alaikum. Yaro ne ke rubuta mani. Ina jin ku. Mubarak bai yi ƙarya ba a maganar yashi. Ni na yi aikin malamin gona da Yamaha DT 125, na shiga ƙauyukan da mota ba ta taɓa shiga ba tsakanin Gumel da bakin iyaka. Babur ne mara nauyi, dogo, tayarsa mai ƙaya, in ka ba shi wuta a jigawa sai ya ɗaga gaba ya haye saman rairayi maimakon ya nutse. In ya faɗi kai kaɗai za ka ɗaga abinka. Har yau yana nan a ɗakin buhuna na ƙi sayarwa

Mubarak: Allah ya ƙara girma Kawu. Kun ji ko? Kuma dalili a fili yake, mai tuti duk juyi ɗaya na kiranshaf sai wuta ta tashi sau ɗaya, mai bawul sai ya juya sau biyu kafin ya ba da wuta ɗaya. Shi ya sa a gasar Amurka da aka haɗa su, mai bawul mai cc 450 aka bari ya kara da mai tuti mai cc 250. Kusan ninki fa! Da haka aka kashe shi, ba wai ya kasa ba

Malam Habu: Mubarak ka karanta amma ka tsaya a rabin shafi. Tarihin da ka kawo haka yake, a 1998 Doug Henry ya ci gasar ƙasa ta Amurka a kan Yamaha YZ400F mai bawul, daga nan kamfanoni suka juya, Honda ta daina CR250 bayan 2007, Kawasaki da Suzuki ma suka bar manyan nasu wajen wannan lokacin, Yamaha ce kaɗai cikin na Japan ta riƙe YZ125 da YZ250 har yau. Amma tambayar ita ce me ya sa mutanen can suke komawa? Don mai bawul ɗinsu na tsere inji ne da aka matse shi iya matsewa, da awa ake lissafa ransa ba da shekara ba, in ya fashe kuɗin gyaran ya kusa na wani babur ɗin, ga nauyi, ga zafi da yawan mutuwa in ana tafiyar rarrafe a cikin duwatsu. To ka ga ko ɗaya cikin waɗannan a jikin Boksa? Boksa inji ne mai sanyin hali cc 100, an yi shi don ya ɗauki buhu biyu da mutum ya yi ta tafiya. Sunan ne ɗaya, mai bawul mai bawul, amma dokin sukuwa daban jakin kaya daban

Mubarak: To amma Malam ka yarda dai ya dawo

Malam Habu: Ya dawo a wajen masu wasan daji, wannan ba musu. Sai dai wanda ya dawo ba irin na ɗakin buhunan Kawu ba ne. Kamfanin babur na KTM tun 2017 suka fito da mai tuti wanda babu kafireta, kwamfuta ce ke fesa mai daidai gwargwado, tutin ma famfon lantarki ke aunawa, ga ruwa na sanyaya injin. Kuɗinsa ya haura dala dubu goma. Ka buga da canjin yau ka ga Boksa nawa ke ciki. Kuma in ya tsaya maka a hanyar Babura wa zai taɓa shi

Sagiru Bakanike: Wannan kam ni ma ba zan sa masa sifana ba, sai an jona shi da na'ura

Malam Habu: Sannan maganar Nura ta shan mai ba son zuciya ba ce, a ƙirar injin take. Mai tuti na kafireta ba shi da bawul ɗin da zai rufe ƙofa, ramuka ne a jikin bulok fistin ke buɗewa yana rufewa, to akwai ɗan lokacin da ramin shigar mai da na fitar hayaƙi duk a buɗe suke, sai wani kaso na ɗanyen fetur ya bi hayaƙi ya fice ta salansa bai ƙone ba. Kuɗinka kenan yake fita ta baya. Shi ya sa salansar na tsere take da ƙaton ciki kamar tulu, don ta turo wannan man ya koma

Anti Hajara: Ku yi haƙuri in sa baki duk da ba hawa nake ba, goya ni ake yi zuwa rigakafi. Duk wanda ya san Kano kafin 2013 ya san yadda Bata da 'Yankura suke da yamma, hayaƙi shuɗi kamar hazo, ido na yaji, ka koma gida mayafinka na wari. Tutin nan ai ƙonewa yake tare da man mu kuma mu shaƙa. Masu asma da yara su suka san abin. Ni dai ba na kewarsa ko kaɗan

Kawu Idi: Hajara a birni ne wannan inda dubbai suka taru. Babur ɗaya a dajin Allah hayaƙinsa wa zai dama

Anti Hajara: Wanda aka goya Kawu, da wanda ke bin bayanku

Alhaji Sale Sifiya: Na daɗe ina karantawa. Ni abin da ke fita a shago shi na sani. Da can kwalin fistin da ringin AX100 nake ɗaukowa daga Kano, yanzu sai in yi wata ba a tambaye ni ba, wanda ake samu ma mai kyan ya yi wuya. Kayan Boksa kuwa ko a tebur ranar kasuwar Gujungu za ka samu. Babur ba ƙarfinsa kaɗai ake saye ba, ana sayen kayan gyaransa da kuma kuɗin da zai yi ranar da ka matsu za ka sayar. Kuma Mubarak bari in ba ka wani labari, KTM ɗin da kake yabo, Bajaj masu yin Boksa suna da babban kaso a cikinsa tun 2007, da kamfanin ya shiga matsalar bashi a ƙarshen 2024 su ne suka zuba kuɗi suka tsamo shi. Mutanen da suke da mai tutin a hannunsu kenan, sun san hanyarmu sarai, kuma mai bawul suke kawo mana

Mubarak: Alhaji ai dokar hayaƙi ce ta ƙasashe ta sa, ba wai don ya fi mana ba. Kuma ko Kawasaki a farkon 2025 sun sanar za su dawo da mai tuti saboda mutane sun dame su

Nura Acaɓa: To gasar Dakar fa da ake yi a saharar Saudiyya tun 2020? Nan ne yashi na gaske, kwana da kwanaki, ɗaruruwan kilomita a rana. Me suke hawa?

Mubarak: Mai bawul 450. Amma dokar gasar ce ta tsayar da girman

Malam Habu: Girman ta tsayar. Tafiya mai nisa tana son injin da tankinsa zai kai shi, wannan shi ne maganar Nura tun farko

Kawu Idi: Ku tsaya. Ni a ganina kun haɗa abu biyu. Abin da ya sa DT ke cin yashi ba tuti kaɗai ba ne, tsayinsa ne da babbar tayar gaba da doguwar shakazoba da rashin nauyi. Boksa da kuke ɗora ma buhu biyu da taya sulɓi dole ya yi ta rawa a rairayi kuna jan ƙafa. Amma kuma kar Habu ya raina saurin ɗaukar wutarsa, akwai gangaren da in ba ka samu wannan fizgar ba a nan za ka kwana. Na ga haka da idona a damina wajen fadama, ni na haye abokin tafiyata sai da aka turo shi

Sagiru Bakanike: Kawu in ka yarda gobe bayan sallar asuba in zo in duba shi. Shekara nawa bai tashi ba?

Kawu Idi: Ya kai bakwai. Injin bai kama ba, ina juya kik lokaci lokaci

Sagiru Bakanike: To alhamdulillahi. Zan wanke kafireta da tanki in sa sabon fulogi, abin da nake tsoro shi ne oyil sil na kiranshaf, in ya bushe zai rinƙa jan iska injin ya yi zafi ya kama. Alhaji Sale ko za a samu?

Alhaji Sale Sifiya: Ba ni da shi a nan. Ka cire tsohon ka ba ni, Litinin zan shiga Kano in gwada Sabon Gari da lambar jikinsa

Mubarak: In ya tashi sai a gwada kowa ya gani. Lita ɗaya ɗaya a tanki busasshe, DT ɗin Kawu da Boksan Yaya Nura, ta hanyar cikin gonaki ba ta kwalta ba

Nura Acaɓa: Na yarda amma da sharaɗi, kowa da goyo da buhun gero ɗaya, don ni ban taɓa fita hanya ni kaɗai ba. Kuma kuɗin tutin a lissafa shi cikin kuɗin mai

Kawu Idi: DT ba shi da kariyar ɗaukar buhu Nura

Nura Acaɓa: To ka ji Kawu

Mubarak: A yi biyu mana, ɗaya da kaya ɗaya babu kaya. Ni zan sai man duka

Sagiru Bakanike: Ku bari sil ɗin ya zo tukuna. Kawu ka sa yara su janye buhunan daga bakin ƙofa yau da daddare, kuma a nemo min makullinsa in yana nan