Daga walda zuwa ƙera samfuri: ta ina zan fara?

Mai Walda: Salamu alaikum jama'a. Shekara 14 ke nan ina walda da gyaran injuna. Kwanan nan mutane kan kawo min zane a takarda, su ce in ƙera musu abin da babu shi a kasuwa, kuma raina ya fi kwanciya da wannan aikin. Ina so in mai da shi sana'a, in riƙa ƙera wa masu ƙirƙira samfurin farko, in ƙera nawa ma. Me zan fara koya, me zan fara saya?

Baba Maƙeri: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka rufe shagon walda tukuna, shi zai ciyar da sabon aikin. 'Yan'uwan nan biyu na Amurka, su Wright, da kuɗin shagon kekensu suka ƙera jirgin da ya tashi a 1903. Injin jirgin ma bakaniken shagon ne, Charlie Taylor, ya haɗa shi.

Injiniya: Yaya, hannu kana da shi, zanen kwamfuta ya rage. Sauke FreeCAD, manhajar zanen injiniya a kwamfuta, kyauta ne. Ɗauki wani ƙarfe da ka san shi ciki da waje, ka auna, ka zana. Duk wanda zai kai samfuri masana'anta sai an tambaye shi fayil mai awo.

Mai Lantarki: In akwai wuta a cikin aikin, ka nemi Arduino, wani ƙaramin allon lantarki da ake ba umarni ta kwamfuta don ya sarrafa na'ura. Firinta mai 3D kuwa, wato injin da ke fitar da abu da roba daga zanen kwamfuta, kada ka yi gaggawa. Na buga wani maƙali da robar PLA na sa kusa da inji, ya lanƙwashe, don tana laushi tun wajen digiri 60. Robar PETG ta fi jure zafi.

Baba Maƙeri: Kafin roba ma, kwali da katako. Abin da kwali zai nuna maka a yini ɗaya, don me za ka ɓata ƙarfe a kansa?

Hajiya Lauya: Malam, inda ake kuka shi ne wajen mallaka. Kafin ka nuna wa duniya abin da ka ƙirƙira, duba Google Patents ko Espacenet, shafukan intanet na binciken ƙirƙirar da aka nemi haƙƙinta, ka ga ko wani ya riga ka. A Turai, in ka baza shi a Facebook kafin ka shigar da takardar neman haƙƙin mallakar ƙirƙira (patent), ya daina zama sabo a idon doka. Amurka kuwa tana ba da sassaucin shekara ɗaya. Haƙƙin kuma shekara 20 ne daga ranar shigarwa. Aikin wani kuwa, ku rubuta tun farko: in ka gyara tunaninsa har ya yi aiki, gyaran na wa ne?

Mai Walda: Wallahi Hajiya kin taɓa min inda ke ciwo. Wani ya kawo injin ɓare gyaɗa, sau huɗu ina sake shi, ya biya ni kuɗin guda ɗaya, wai sauran ba su yi aiki ba.

Injiniya: Ai waɗanda ba su yi aiki ba su ne aikin. James Dyson, wani mai ƙirƙira ɗan Birtaniya, samfuri 5,127 ya yi kafin injin shararsa ya tsaya. Ka raba kuɗi mataki-mataki: zane daban, samfurin gwaji daban, kowane sauyi daban, kayan aiki a kan mai abu.

Mai Walda: Na gode ƙwarai. Daren nan zan sauke FreeCAD. Hajiya, yarjejeniyar rufe sirri, wadda ke hana ɗayanmu fallasa tunanin ɗayan, ni zan kawo ta ko mai aikin?

Hajiya Lauya: Kai ka tanadi taka, ka kai wa lauya ya duba sau ɗaya. Yawancin masu zuwa maka ba su taɓa ganin irinta ba.