Sulallan gwaji na Faransa: me kuka taɓa riƙewa da hannunku?

Baban Amira: Salamu alaikum. Ina so mu ji daga masu tara sulallan gwajin Faransa na ƙarni na 19, waɗanda ma'aikatar buga kuɗi ta Paris ta ƙera don a duba zane, ba don su shiga kasuwa ba. Nawa na gasar 1848 ne. Bayan an tumɓuke sarki Louis-Philippe, sabuwar jamhuriya ta ce masu sassaƙa su kawo zanen faran 20 na zinariya, faran 5 na azurfa da santim 10. Mai sassaƙa Oudiné ya ci ta faran 5 da zanen kan Cérès, allahiyar noma ta Romawa. Ni kuwa zanen waɗanda suka faɗi gasar nake bi, don sun fi taɓa min zuciya. Wanda ke hannuna na kuza ne, mara nauyi, amma gashin matar da ke jiki kamar jiya aka sassaƙa shi.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam, Yaya. A nan abin da muke samu wurin maƙeran farfaru tsoffin faran 5 ne na azurfa, gram 25, da suka sha hannu. Na gwaji sai da na je Paris, titin Vivienne, inda shagunan sulalla suke jere. Mai shago ya miƙo min gilashin ƙara girma ya ce in fara duba baki kafin fuska. Ƙahon yalwa (hoton ƙaho cike da 'ya'yan itace) na gani a gefen, alamar ma'aikatar Paris da aka fara sawa a 1880. Ke nan sake bugu ne, duk da tsohuwar shekarar da ke jiki. Kuɗinsa ma ya sha bamban.

Maman Sadiq: Ku yi hattara da masu ɗauke da sunan Napoleon II, ɗan sarki Napoleon I, da shekarar 1816. Yaron bai taɓa buga kuɗi ba, daga baya aka ƙera su. Ina da ɗaya, ina son sa, amma a akwati daban yake.

Malam na Lyon: Baban Amira, kuza ba ta son sanyi mai tsanani, takan yi ƙuraje ta fara marmashewa. Kada ka bar shi a ɗakin ƙasa da hunturu. Kuma don Allah kar a goge shi, ko da da tsumma ne.

Baban Amira: Na gode, Malam, yau zan ɗauko shi sama. Akwai wanda ya taɓa riƙe sulen gwaji mai ninkin kauri? Ina son jin nawa ya hau a sikeli.