'Yata ba ta barci sai da mayafinta, yaya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa iyaye mata, don Allah ina neman shawararku. 'Yata wata bakwai, ta shaƙu da wani ɗan mayafi mai laushi. Sai ta manna shi a kumatu tana murza bakinsa da yatsu kafin barci ya ɗauke ta.

Na san abin da Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ce: a kwantar da jariri rigingine a kan katifa mai tauri, zanin gado a ɗame, ba matashin kai, ba bargo, ba 'yar tsana, har ya cika shekara 1, saboda gudun toshewar numfashi. Ban ɗauki wannan da wasa ba.

Nakan zare mayafin idan ta yi nisa, amma da tsakar dare sai ta farka tana lalubensa, ta yi ta kuka har muryarta ta dishe. Yanzu kuma ta fara juyawa rub da ciki da kanta, wannan ne ya fi tayar min da hankali.

Wadda ta taɓa raba jaririnta da irin wannan, a hankali kika yi ko lokaci guda? Me kika ba shi a madadinsa?