Wane fik ya dace da mai koyon jita, kuma zai yi wa mandolin?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum yayyena. Wata biyu ke nan da na fara koyon jita, irin mai rami da tsirkiyar ƙarfe. Na shiga wani shago a Adum, cikin Kumasi, zan sayi fik, ɗan robar nan da ake kaɗa tsirkiya da shi, sai aka zube min su cikin faranti, launi-launi, kowanne da lamba a jiki. Na ɗauki mai 0.46 saboda ya fi taushi. Yanzu in ina share tsirkiyoyin gaba ɗaya yana daɗi, amma in na zo bin su ɗaya-ɗaya sai ya riƙa lanƙwashewa, ga shi yana sulɓewa in hannuna ya yi gumi. Wanne ya kamata in saya? Sannan akwai mandolin ɗin kawuna a gida, ƙaramin abin kiɗan nan mai tsirkiya, ko fik ɗaya zai yi musu duka?

Mai Tsirkiya Asawase:
Wa alaikumus salam ƙanena. Lambar da ka gani kauri ce, da milimita. Ƙasa da 0.60 siriri ne, daga 0.60 zuwa 0.80 matsakaici, daga nan zuwa wajen 1.2 mai kauri. Abin da ke faruwa da naka ba laifin hannunka ba ne. Siririn fik sai ya lanƙwashe tukuna kafin ya saki tsirkiya, don haka sautin yakan fito a makare, kuma ba ka da iko a kan ƙarfinsa. Wajen shara wannan lanƙwasar taimako ce, shi ya sa ka ji daɗinsa can. Wajen bi ɗaya-ɗaya kuwa ita ce matsalar.

Koma ka sayi uku: 0.60, 0.73 da 0.88. In Tortex na kamfanin Dunlop ne, launi ma ya ishe ka gane su: ja 0.50, ruwan lemo 0.60, rawaya 0.73, kore 0.88, shuɗi 1.0, sai mai ruwan shanshanbale 1.14. Fara da rawayan, ka yi sati biyu ba ka taɓa sauran ba, don hannu ba ya gane bambanci in kullum ana canja masa. Siffa kuma ka tsaya a kan ta kowa da kowa, mai kama da ɗigon ruwa, wadda Fender ke kira 351. Kar ka taɓa ƙaramin nan Jazz III yanzu. Kaurinsa 1.38, ga tsini, na masu gudu a kan jitar lantarki ne, a hannun ɗan koyo sai ya riƙa maƙalewa.

Ka lura, lamba ɗaya ba tauri ɗaya ba ce. Nailan mai 0.73 ya fi Tortex mai 0.73 laushi sosai. Lanƙwasa shi tsakanin yatsu a shagon kafin ka biya.

Malam Na-Sawaba:
Na yarda da 0.73, amma sulɓewar nan da ya ambata rabinta riƙo ne. Ƙanena, naɗe manuninka kamar za ka riƙe makulli, ka ɗora fik a gefen gaɓar farko, ka danne da tsokar babban yatsa. Tsinin da zai leƙo kada ya wuce milimita 3. 'Yan koyo sukan riƙe shi can ƙarshe, rabinsa a waje, sai tsirkiya ta riƙa juya shi kamar ƙyaure. Kuma kada ka matse shi da ƙarfi. Matsewa tana sandarar da wuyan hannu, ita kuwa kaɗawar daga wuyan hannu take fitowa, ba daga gwiwar hannu ba. Ɗan karkata shi kaɗan yadda gefensa zai zame a kan tsirkiya, maimakon ya mare ta da faɗinsa.

Sauran rabin gumi ne, kuma a Kumasi ba a guje masa sai da hunturu. Fik ɗin seluloyid, robar nan mai ƙyalli kamar bayan kunkuru, shi ya fi santsi in ya jiƙe. Nailan yana da ɗan kaushi a wurin riƙo, Tortex kuma jikinsa kamar an barbaɗa alli. In wanda ke hannunka mai santsi ne, karce tsakiyarsa da reza, layi huɗu a tsaye huɗu a kwance, ko ka huda shi da abin huda takarda yadda fatar yatsun biyu za ta haɗu ta cikin ramin. Kada dai ka ce za ka huda seluloyid da ƙusa mai zafi, yana kama wuta nan take.

In ya faɗa cikin ramin jitar, kuma sai ya faɗa, kwantar da ita ramin na kallon sama, girgiza har fik ɗin ya zo daidai ƙarƙashin ramin, sannan ka kife ta da sauri.

Ɗan Aboabo:
Na gode Malam. Wani ya ce min in yanka tsohon katin banki kawai, wai duk ɗaya ne.

Malam Na-Sawaba:
Bai yi ƙarya ba wajen kauri, katin banki 0.76 ne. Sai dai robarsa ba ta jure tsirkiyar ƙarfe, bakin yana saurin cinyewa ya yi zarto, ka riƙa jin ƙarar karce. In za ka yi, ɗora fik na gaske ka zana, ka yanka daga inda babu lambobi masu tudu, ka goge bakin da samfefa mai laushi, lamba 400 sannan 1000. Na ajiya ne, ranar da naka ya ɓace.

Hajiya Mai Mandolin:
Ɗana, ba wanda ya amsa maka batun mandolin. Fik ɗaya ba zai yi musu ba. Mandolin tsirkiya 8 gare ta, bibbiyu a jere huɗu, gajeru kuma a ɗaure tam. Kowane bugu sai ya ratsa tsirkiya biyu. Siririn fik yakan bugi ta farko ya lanƙwashe ya tsallake ta biyu, sai ka ji ƙas-ƙas ɗin roba ya fi sautin yawa. Nemi mai kauri daga 1.0 zuwa 1.5, mai faɗi mai kusurwa uku, wanda ake kira 346, bakinsa a ɗan dakushe. Dakushewar ce ke ba ka damar yin karkarwar nan ta sama da ƙasa da sauri ba tare da ya sarƙe tsakanin tagwayen ba. In ba ka samu ba, ɗauki mai 1.14 na jita ka juya shi, ka kaɗa da kafaɗarsa mai zagaye maimakon tsinin. Wanda ya taɓa ganin yadda masu garaya ke bugu da busasshiyar fata mai tauri ya san dalilin, tsirkiya mai ƙarfi ba ta jin abu mai laushi.

Kafin nan duba mandolin ɗin kawun naka. In ta daɗe a ajiye, tsirkiyoyin sun yi tsatsa, kuma tsatsa tana cin bakin fik cikin kwana kaɗan. Canja su, ka daidaita kowane tagwaye su zama murya ɗaya: G, D, A, E daga mai kauri zuwa siririya.

Mai Tsirkiya Asawase:
Ƙari ɗaya a kan maganar Hajiya. Ya danganta da kiɗan da kake nufi. In tsohon salon hailaif ne irin na Koo Nimo, makaɗin jitar nan na Ghana, ba fik ake sa masa ba, babban yatsa ne ke bin manyan tsirkiyoyi, manuni na bin ƙanana. In kuwa jitar lantarki kake hari, mai bin tsirkiya ɗaya-ɗaya irin ta 'yan bandi, to bayan wata uku sai ka tashi daga rawaya ka koma kore. Alamar lokacin canji ya yi ita ce ka ji 0.73 ɗin ma ya fara lanƙwashe maka in ka ƙara sauri.