Ekutar a kunne, hannu biyu a kan babur: da haɗari ko babu?

Ɗan kabu-kabu na Zariya:
Salamu alaikum jama'a. Maganar waya da tuƙin babur da aka fara jiya a tasharmu ta Maradi ba ta ƙare ba, shi ya sa na kawo ta nan. Ni inda na tsaya: ba waya ke kada mai moto ba, sakin kan babur ne. Hannun dama shi ke da wuta da birkin gaba, na hagu shi ke da kuloci da oda da sigina. Wanda ya ɗaga waya da hannu ya bar ɗaya daga ciki, wannan ganganci ne, ba gardama. Amma wanda ya sa ekutar, wato abin sauraren waya na kunne, ko ya cusa ƴar ƙaramar waya tsakanin kunne da kaske, wato hular kwano, hannunsa biyu na riƙe, idonsa na kan gudron. Ina laifinsa? Kuma ku tuna abincinmu a waya yake. Fasinja ya kira ka sau biyu ba ka ɗauka ba, na uku wani zai kira.

Malamin oto-ekol:
Wa alaikumus salam ƙanena. Farkon maganarka na yarda, ƙarshenta nake ja. Mu yi lissafi. Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 kowane sakan. A 50 kusan mita 14 ne, a 60 kusan 17. Mutumin da hankalinsa ke jikinsa, daga ganin abu zuwa matsa birki yana ɗaukar wajen sakan 1. Ke nan a gudun 50, mita 14 sun wuce birki bai ma fara ci ba. Shi kansa birkin, a gudron busasshe da taya mai kyau, yana son wasu mita 15 ko fiye. Ka ga kusan 30. To a ce magana ta ƙara maka sakan 1 rak a kan wancan, ka koma wajen 44. Yaro ya fito da gudu daga lungu, mita 35 a gabanka. Wanda ba ya waya zai tsaya da sauran fili. Mai waya zai same shi gudunsa bai sauko ƙasa da kilomita 35 a awa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya haɗarinsa ya ninka kusan sau 4, kuma ta faɗa ƙarara cewa wadda ba a riƙe a hannu ba ta fi ta hannu aminci da wani abin kirki ba. Faransa ta hana sa ekutar ana tuƙi tun 1 ga Yuli 2015, mai mota, mai babur, har mai keke. Da matsalar hannu ce kaɗai, ba su da dalilin yin haka.

Ɗan kabu-kabu na Zariya:
To Malam, in magana ce laifin, sai a hana mu hira da fasinja. Tun safe har dare ana magana a bayanmu. Me ya raba muryar da ke baya da muryar da ke kunne?

Malamin oto-ekol:
Tambaya mai kyau. Fasinja hanyar da kake gani ita yake gani. Kuna isa shataletale, ko kamyo ya taso, da kansa zai yi shiru, har ka ji ya ƙanƙame. Wani lokaci shi zai ce maka "ga akuya!" Wanda ke waya bai san inda kake ba. Daidai lokacin da kake ratsa tsakanin adaidaita da amalanke zai ce maka "kana ji na?" kuma kunya ba za ta bar ka ka yi shiru ba. Ga muryar waya na yankewa, ga iska, sai ka tattara hankalinka duka a kunne don ka kama kalma.

Sannan duba irin maganar da ake yi. Kwatance ne mafi yawa: ka wuce masallaci, ka bi kwana ta biyu, gida mai jar ƙofa. Don ka gane, dole ka zana wurin a ranka. Idonka na nan a buɗe kan hanyar Ali Ɗan Sofo, amma abin da kake kallo a zuci wani lungu ne a Bagalam. Ido ya kafe a tsakiya, ya daina zuwa gefe, ya daina zuwa madubi. Daga nan ake samun "wallahi ban gan shi ba", kuma mutumin ba ƙarya yake ba. Taura biyu ba sa taunuwa.

Baba na tasha:
Malam ya yi gaskiya, amma kar a wanke hira da fasinja tas. Ita ma tana kada mutane, ta wata hanyar. Yaro zai juya kai ya amsa wa na baya. Kai na juyawa kafaɗa ta bi, kafaɗa na bi hannu ya ja kan babur, sai ka ga ya zame ya shiga hannun wasu bai sani ba. Babur inda ka sa ido nan yake zuwa. Shi ya sa wanda ya ƙura wa rami ido ramin yake faɗawa. Kalli filin da za ka bi, kar ka kalli abin da kake gudu.

Ciniki kuwa a gama shi ƙafa na ƙasa. Ina za ka, nawa ne, akwai canji ko babu, duk kafin a sa giya. Gardamar dala ashirin ana cikin tafiya ta fi kiran waya zafi.

Bakanike na Sabon Gari:
Ku bar ni in shigo ta wajen ƙarfe. Akwai abin da ba a faɗa ba tukuna: kunne shi ne madubi na uku. Kuma ku duba babura nawa ne a garin nan ke da madubi biyu. Da yawa ranar da aka fito da Kasea ko Boxer daga kwali ranar ake kwance su, wai gayu. Wanda ba shi da madubi, kunne kaɗai ke gaya masa abin da ke bayansa: odar kamyo, ƙarar tirela na canza giya, wani babur na shirin wuce shi. Ya toshe kunnen kuma, me ya rage?

Babur ma da kunne yake kai ƙara. Sarƙa in ta saki fiye da santimita 2 zuwa 3 za ka ji tana dukan murfi, in ba a ja ta ba tana iya gocewa ta cije tayar baya. Birkin da ya cinye yana kuka. Taya mai sacewa sautinta a gudron yakan canza kafin ka ji babur na rawa.

Ekutar ɗin kansa yana da nasa. Da gudu ya ƙaru iska ke cika kunne, sai a ƙara murya har oda ta daina shiga. Mai igiya yana maƙalewa a maɓallin riga ko igiyar kaske. Marar igiya kuma in ya zame, hannu da kansa yake bin sa, ba shawara. Sakin kan da ƙanena ke tsoro ke nan ya dawo ta bayan gida.

Duk da haka ni ba zan ce a hana kwata-kwata ba, don an san ba za a bari ba. Kunne ɗaya, na dama, murya ƙasa. A bar na hagu a buɗe tunda ta hagu ake wuce mu. Kira ya shigo, kalma biyu: "ina tuƙi, zan kira." Da babu gara ba daɗi.

Malamin oto-ekol:
Maigida, kunne ɗaya ya gyara matsalar ji, bai taɓa matsalar hankali ba. Kuma wa ke tsayawa a kalma biyu? Da an ɗauka an shiga gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali. Kafin a zo kan maganar an ci mita 200.

Hajiya mai jinya:
Salamu alaikum. Ƙanena, zancen cusa waya cikin kaske ne ya tsaya mini a rai, don ya fi ekutar muni. Kasken da waya ke shiga gefensa ya yi wa kan yawa, ko kuma ba a ɗaure igiyarsa ba. Daidai shi ne ya kama kumatu, igiya a ɗaure yadda yatsa ɗaya ko biyu kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Wanda ba a ɗaure ba yakan fita tun mutum bai kai ƙasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kaske mai kyau da aka sa daidai yana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6, raunin ƙwaƙwalwa kuma har kashi 74 cikin 100. Ku lura, wanda aka sa daidai.

Kuma ku taɓa inda wayar ke zama, gefen kai, gaban kunne da samansa. Ƙashin wurin siriri ne, akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Sosan da ke cikin kaske aikinsa ya shanye duka ya baza shi. Ka sa abu mai tauri a tsakani, ka tara dukan wuri ɗaya. In jijiyar ta fashe, mutum na iya tashi ya kakkaɓe riga ya ce lafiyarsa lau, bayan ƴan awoyi ciwon kai ya tsananta, amai, barci mai nauyi, ruɗewa. Don Allah duk wanda ya bugu a kai, ko yana tafiya da ƙafarsa, a kai shi likita, kar a ce ya je gida ya kwanta.

Sai abin da ba a son faɗa: tramol. Ana sha don kar a ji gajiya. Gajiyar na nan, jin ta ne aka kashe. Yana kawo jiri da gyangyaɗi, yana jinkirta hannu, in ya yi yawa yana sa farfaɗiya, kuma ba ta sallama kafin ta zo. Mai tramol a jiki da waya a kunne, lissafin Malam na sakan 1 bai shafe shi ba, nasa ya fi haka nesa.

Mai kai kaya ƙauye:
Duk maganarku ta cikin gari ce. Hanyar Tasawa fa, ko ta Dakoro, sama da kilomita 100, rana na dukan kai, hanya miƙe ba kwana? A nan ba kira ne abokin gaba ba, barci ne. Waƙa ko karatu a kunne shi ke riƙe mutum a farke. Ni a ganina a daji ekutar taimako ne.

Baba na tasha:
Ɗana, waƙa ba ta korar barci, tana dai hana ka lura ya zo. Alamunsa sanannu ne: hamma a jere, ido na nauyi, ka wuce gari ba ka tuna ka wuce shi ba, babur na jan gefe. In ɗaya ta bayyana, ido na iya rufewa sakan 2 ko 3 ba ka sani ba. A gudun 70 Malam zai gaya maka mita nawa ne.

Malamin oto-ekol:
Mita 19 a sakan. Sakan 3 kusan mita 60.

Baba na tasha:
To ka ji. Kuma dajin ba fayau yake ba. Garken shanu na tsallakawa, jakin amalanke na firgita, bayan magariba amalanken ba fitila ba komai mai ƙyalli. Manyan motocin fasinja na tahowa ta baya da gudu, odarsu daga nesa ita ce gargaɗinka, iskarsu kuma na ture babur in ba ka shirya ba. Maganin barci tsayawa ne. Kowace awa ɗaya a sauka a inuwa, a sha ruwa, a wanke fuska, a taka ƙasa. In ya yi nauyi a kwanta minti 15 zuwa 20. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura 40, ƙishirwa kaɗai na dusashe hankali. Da azumi kuwa a yi nisa da safe, kar a bar tafiya sai la'asar sakaliya ana tseren shan ruwa.

Ɗan kabu-kabu na Zariya:
Na kaske na janye, Hajiya, Allah ya saka. Na ekutar ban gama gamsuwa ba, amma na ji lissafin. Saura abu ɗaya: ranar Litinin ko Juma'a a bakin babbar kasuwa, ina wurin tsayawa? Ka ce za ka ratse ka amsa waya, na baya ya hau ka.

Malamin oto-ekol:
Ba dole ka amsa a inda ta yi ƙara ba. Bar ta ta yi, lambar na nan. Wayar a aljihu mai zif, ba aljihun gaban riga da ido ke leƙawa ba. Ka wuce cunkoson, ka duba madubin dama, ka sa sigina da wuri, ka rage wuta a hankali don na baya ya gane. Kar ka tsaya a kwana, ko bakin mararraba, ko gaban kamyon da ke tsaye inda direbansa ba ya hango ka. Duka-duka minti 1 ne ko 2. Masu kiranka kullum kuma ka gaya musu tun yau: in ban ɗauka ba ina kan hanya, zan kira. Mace mai aiko ka ɗaukar yaranta daga makaranta wannan zai ƙara mata natsuwa da kai.

Bakanike na Sabon Gari:
A ƙara da wannan, don wajen ratsewar ma ana faɗuwa. Gefen gudron a Maradi yashi ne, wani wurin har da gaɓa. Ka gama birkinka a kan gudron babur a miƙe sak, gaba da baya tare. Na gaba shi ke ɗauke da wajen kashi 70 na tsayawa, amma matsa shi ake yi sannu a ƙara, ba cafka ba. Sai ka sauka yashin a giya ta ɗaya, ka saki na gaba, ka taka na baya kaɗan. Ka cafki na gaba a yashi kai a karkace, tayar za ta wanke, kai da fasinja kuna ƙasa. Masu sassauta birkin gaba don tsoronsa kuma su kawo a gyara, wasan hannun birki kar ya wuce santimita 1 zuwa 2. Za ka koma hanya, waya ta shiga aljihu tukuna, sigina ta hagu, sannan ka waiwaya ta kafaɗa. Madubi ba ya nuna wanda ya riga ya zo daf da kai.

Wanda ya kwance madubinsa kuma, in yana gida ya zo da shi gobe, na dama da na hagu. A wasu babura zaren na dama juye yake, kar a murɗa da ƙarfi a lalata shi.